Mutum Biyu a Gaɓar Iddo

Guangzhou, 25 ga Mayu, 2008

Zuwa ga Kawu Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali da Gwaggo Rekiya kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya lau. Na ji ka aika Agege a tambayi Umma ko girgizar ƙasar nan ta taɓa mu. Ba ta taɓa mu ba, tsakaninmu da Sichuan ya fi tsakanin Kano da Ikko. Sai dai juyayi. Allah Ya kiyaye na gaba.

Za ka yi mamakin ganin takardata, tunda rabona da kai shekara shida ke nan. Umma ce ta ce in dai zancen kakanku Tankari ne, kai za a tambaya, kuma a rubuce, don ba ka ɗaukar maganar waya a bakin komai.

Makarantarmu ta tura ni sanin makamar aiki a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, inda ake loda kwantenonin da ke tafiya wajenmu. A can na san wani dattijo, Malam Liang, wanda ya shekara talatin da biyar yana duba kaya a bakin jirgi kafin ya ajiye aiki. Ba shi da abin so kamar tsofaffin hotunan tashoshin ruwa. Yana da fiye da ɗari huɗu: na garin nan, na Bombay, na Mombasa, na Dakar. Ranar Juma'a ya nuna mini wasu na Ikko, aikin wani Bature da ba a rubuta sunansa ba. A bayan ɗaya an rubuta da fensir: Iddo, 1913.

A hoton akwai jirgi mai hayaƙi can baya, ga huhunan goro jere a gaba. Mutum biyu ne kusa da su. Ɗaya yana tsaye da babbar riga mai aiki da rawani, riƙe da sanda, yana kallon mai hoto. Ɗayan yana ƙasa, ba takalmi, ya naɗe hannun 'yar shararsa, kansa na cikin wani huhu da aka buɗe.

Kawu, a jikin huhu huɗu akwai ƙafar zabo: layi uku da suka haɗu a ƙasa, da ɗigo a gefen dama. Alamar nan ce Haidar ɗan yayanka yake zanawa a kwalayensa a kasuwar Tianxiu ta garin nan har gobe, ita ce kuma a jikin tsohuwar adakar kakata.

Malam Liang zai nuna sittin daga cikin hotunansa a wani ɗaki a unguwar Xiaobei a watan Oktoba, lokacin da 'yan kasuwa ke cika gari don baje kolin Pazhou. A ƙarƙashin wannan ya shirya rubuta: "Attajiri ɗan ƙasa da ɗan dakonsa, ba a san sunayensu ba." Ya ce in dangi suka ba da suna kafin ƙarshen Satumba, zai sa. Ga kwafin hoton nan na ba Alhaji Abdulbaƙi, wani ɗan kasuwa mai zuwa nan saro kaya, ya kawo maka.

'Yarka,
Halimatu Sadiya

*

Kano, 14 ga Yuni, 2008

'Yata Sadiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk safiya. Gwaggo Rekiya, 'yar Tankari da ta rage mana, tana Wudil wajen 'yarta, tana jiran a yi mata aikin yanar ido. Ko fuskar mutum ba ta rarrabewa yanzu, saboda haka ban kai mata hoton ba.

Allah Ya yi miki albarka. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan jarida, rabinsu ina rubuta bayanin da ke ƙasan hoto, amma ban taɓa riƙe hoto irin naki ba.

Alamar tamu ce, babu ko tantama. Ga abin da na sani, ki riƙe. Tankari ya fara fatauci da ƙafa, bayan jakuna, daga Kano zuwa Gwanja, wata uku zuwa, wata uku dawowa. Da jiragen ruwa suka fara ɗaukar goro daga Ankara ta ƙasar Gana zuwa Ikko, da yawa cikin fatake sun ce ba za su ɗora dukiyarsu a kan ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba. Shi ya ɗora. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki. Iddo nan ce mahaɗar: a sauke daga ruwa, a ɗora kan dogo. Shekarar da ke bayan hoton ta yi daidai.

Na daɗe ina nazarin hotunan Turawa na wancan zamani. Abin da suke son a gani a ƙasarsu shi ne jirgi, da ƙugiyar ɗaga kaya, da tuta. Ba za ki ga matan da suka ɓare goron a dajin Asante ba, ko wanda ya yanko ganyen fita aka naɗe shi, ko tsohuwar da za ta sayar da shi ɗaya-ɗaya a ƙofar gida a Zinder. Jirgin nasu ne, amma mu muka san abin da za a zuba a cikinsa da wanda zai saya. Yau ga shi an wayi gari kakanmu ya tsaya a gaban jirgin nasu, ya kare rabinsa.

Ki dubi tsayuwar nan. Ki dubi hancin, na mahaifina ne sak. Na kai an faɗaɗa hoton, an sa masa gilashi, na rataye a zaure. Ranar Lahadi dangi suka taru, har daga Bichi, na yi musu bayani, aka yi addu'a.

Ki ba Malam Liang wannan, kada a canza ko harafi: "Tankari na Kano, attajirin goro, tsaye a gaban kayansa, tare da ɗan dako. Iddo, 1913."

Kawunki,
Maharazu

*

Guangzhou, 6 ga Yuli, 2008

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Gwaggo fatan a yi aikin ido a sa'a. Mu nan zafi ne da ruwan sama, kaya ba sa bushewa a kan igiya.

Na karanta takardarka sau uku, na fassara wa Malam Liang zancen matan Asante, ya sa na maimaita ya rubuta. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin in miƙa sunan.

Makon jiya muka baje dukkan hotunan Ikko a kan tebur, guda tara, da gilashin ƙara girma. Mutumin nan mai babbar riga yana cikin uku. A ɗaya yana gaban huhunanmu. A na biyu yana gaban gangunan manja, a na uku gaban ƙullin fatu, tsayuwa iri ɗaya, sanda ɗaya. Wannan bai dame ni sosai ba, attajiri yana iya taɓa haja fiye da ɗaya. Na huɗun ne ya hana ni sakat. A cikinsa rigar ce dai, da ɗan facin da ke kafaɗar hagu, amma wani mutum dabam ne a ciki, gajere, rigar tana jan ƙasa.

Malam Liang bai yi mamaki ba. Ya ce a nan garin ma masu hoton farko suna ajiye rigar manya a akwati. Duk wanda suka samu a bakin ruwa mai kyan tsayi, sai su sa masa, su tsayar da shi gaban kaya, su sayar da hoton a Turai da sunan attajirin ƙasa. Ya nuna mini biyu irin haka na Canton, wato tsohon sunan garin nan.

Kawu, ina tsoron rigar nan ba ta wanda ke cikinta ba ce. Saboda haka ban ba da bayanin da ka aiko ba tukuna. Ba a gama wanke mini kwafin sauran hotunan ba, ga shi mai tafiya zai tashi gobe, sai a karo na gaba.

'Yarka,
Sadiya

*

Kano, 20 ga Yuli, 2008

Halimatu,

Muna lafiya.

Na ga takardarki. In na fahimce ki, kakana, mutumin da ya ciyar da gida mai mutum arba'in, ya yi wa unguwa rijiya, shi ne ya tsaya a bakin ruwa wani Bature ya ara masa riga. Wannan magana ko maƙiyin gidanmu bai taɓa faɗa ba. Ke da kika tashi a Agege ba ki san ko ƙofar ɗakinsa ba. Ni na yi wasa da sandarsa.

Riguna masu aska takwas sun cika Kano a lokacin, faci kuma ba a kan mutum ɗaya ya ƙare ba. Na tara mutane na gaya musu magana. Ban saba janye abin da na buga ba sai da hujja, kuma ganin gilashin wani dattijo a Sin ba hujja ba ne.

In za ki sa sunan kamar yadda na rubuta, ki sa. In ba za ki sa ba, ki bar mana hotonmu a zaurenmu, ya ishe mu.

Maharazu

*

Guangzhou, 28 ga Agusta, 2008

Kawu,

Ina gaisuwa da ban girma. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, an kuma yi wa Gwaggo aiki lafiya.

Takardarka ta kwana ashirin a hanya. Saboda wasannin Olamfik an tsaurara biza, masu zuwa sun ragu ƙwarai, rabin shagunan Tianxiu a rufe suke. Ranar Asabar waɗanda suka rage suka taru a gidan abincin wata 'yar Nijar aka kalli wasan ƙarshe na ƙwallo. Azurfa yaranmu suka samu, amma in ka ji ihun da aka yi da aka rataya musu, sai ka ce zinariya ce. Na kira wayarka sau huɗu, aka ce ka ce a rubuto.

To ga shi na rubuto. Kawu, ban ce Tankari ya ari riga ba. Ban isa ba. Abin da nake nufi shi ne wataƙila wanda ke cikin rigar ba Tankari ba ne. Kayan nasa ne, wannan ba na shakka. Amma mai yiwuwa ne a ranar ya shiga gari, Bature ya zo ya tsayar da mutuminsa a gaban kayan, ya ɗauka ya wuce. In na sa sunan kakanmu a ƙarƙashin wani, 'yan kasuwa daga ƙasa goma za su karanta, wasu su ɗauka a waya, daga nan ba mai iya gogewa. Kai ka rubuto mini cewa hotunan nan sun ɓoye masu aikin gaskiya. Ba na so mu ƙara musu da hannunmu.

Jiya Malam Liang ya tambaye ni, "Suna fa?" Na ce masa, "Meyo," wato babu. Ya ce zai jira har ashirin da biyar ga Satumba, daga nan sai maɗaba'a.

Ba a sabunta wa Haidar biza ba, zai dawo gida jibi. Na ba shi sauran hotunan uku. Don Allah ka duba kafaɗar hagu. In ka duba ka ce in sa, ban san abin da zan yi ba, amma dai ka duba.

Allah Ya kai mu azumi lafiya.

'Yarka,
Sadiya

*

Kano, 12 ga Satumba, 2008

'Yata Sadiya,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya. An yi wa Gwaggo aiki a ido ɗaya, an dace, ta dawo nan za ta ƙarasa azumi tare da mu.

Haidar ya kawo hotunan. Na duba kafaɗar hagu.

Ranar da Gwaggo ta iso, da la'asar, tana shigowa zaure ta tsaya gaban hoton. Ta rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Na ce, "Gwaggo, ga Baba nan a tsaye."

Ta ce, "Wane Baban? Wannan sangamemen da ya tsaya kamar an dasa shi?"

Na ce, "Ai ga rigar, ga rawanin."

Ta ce, "Kai Maharazu, boko ya cinye ka. A gidan goro aka haife ka, amma ko goron daushe ba ka sani ba. Ka taɓa ganin mai goro a tsaye, huhunsa a buɗe?"

Ta sa aka kawo mata kujera, ta yi mini karatun da ya kamata in sani tun ina yaro. Goro in ya kwana biyar a cikin jirgi, zafi ya dafa shi. Ana sauke shi, kafin a sha ruwa, sai an kwance huhu, a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da mai sankara, a canza ganyen da ya bushe, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Guda ɗaya in ya ɓuya, kafin Kano ya lalata huhu duka. Ta ce wannan aiki ba a ba ɗan dako, ba a ba dillali, ko ɗan cikinka sai ya shekara bakwai yana kallo. Ɗan dako ya ɗauka ya sauke, iyakarsa ke nan. Hannun da ke cikin huhu, hannun mai kaya ne.

Sai ta sa yatsa a ƙasan hoton ta ce, "Dubi ƙafar dama." Na duba. Mutumin yana zaune a kan dunduniyar hagu, ƙafar dama a miƙe gefe guda. Ta ce jaki ne ya faɗa masa a kai da kaya a wata fadama a hanyar Gwanja, tun kafin a haife ta, gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Haka yake zama a tahiya, haka yake zama cin tuwo. Ina da shekara uku ya rasu, ban riƙe wannan ba. Ita tana da ashirin da ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ko ɗaga kai bai yi wa Baturen ba. Halinsa ke nan." Ta yi dariya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

A gidan jarida, in muka yi kuskure a shafin farko, a shafin farko muke gyarawa. Ranar Juma'a bayan an sha ruwa na sake tara waɗanda na tara, na ce musu na nuna musu mutumin da ba shi ba, kuma yarinyar da na yi wa faɗa ita ce ta hana a buga kuskuren a ƙasar Sin. Ke ma ga taki: na karanta takardarki da fushi, na ga abin da ba ki rubuta ba. Ki yafe wa kawunki. Ke ma ba ki gano duka ba, tunda kin ce ya shiga gari, amma kin tsaya inda saninki ya tsaya, ni kuwa na wuce nawa.

Ga bayanin: "Tankari na Kano, attajirin goro, yana tsince kayansa da hannunsa bayan an sauke su daga jirgi. Na tsaye, ba a san sunansa ba tukuna. Iddo, 1913." Kada a yanke na tsayen. Shi ma jikokinsa suna wani wuri.

Zan ba Alhaji Abdulbaƙi, ya ce bizarsa na fitowa makon nan.

Kawunki,
Maharazu

*

Guangzhou, 19 ga Oktoba, 2008

Kawu,

Barkanmu da Sallah, ko da ta wuce. Ina lafiya, na gama aikin Huangpu na koma aji. A gaishe mini da Gwaggo, a ce mata jikarta ta Sin ta durƙusa har ƙasa. Babu abin yafewa tsakanina da kai.

Bizar Alhaji Abdulbaƙi ba ta fito ba sai bayan Sallah. Takardarka ta shigo hannuna ranar sha uku ga wata, kwana biyu kafin a buɗe. Da na ji shiru har ƙarshen Satumba, na ɗauka ka yanke ni ne, na bar Malam Liang ya kai maɗaba'a. An riga an buga "attajiri da ɗan dakonsa" da Sinanci da Turanci, an manna a bango.

Na same shi a kan tsani yana gyara fitila. Na karanta masa takardarka tun daga zuwan Gwaggo. Da na kai wurin hannun da ke cikin huhu, sai ya sauko, ya cire tabarau, ya tsaya gaban hoton. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina bakin jirgi. Kullum in aka buɗe kwantena, wanda ya fara cusa kai ciki shi ne lawban, mai kaya. Na san wannan kamar sunana. Amma da na ga riga, sai na manta."

Ya ɓamɓare takardar da aka buga da farcensa. Na ce maɗaba'a ba za su karɓi aikin kwana ɗaya ba. Ya ce ba ya bukatarsu. Ya aika gida aka kawo masa tawada da alƙalamin gashi, ya rubuta bayaninka da Sinanci a kan jar takarda, ya sa na rubuta na Turanci, sannan ya ce, "Da harshenku fa?" Na rubuta da Hausa. Takardar ta yi tsawo, ba ta shiga gurbin tsohuwar ba, sai muka manna ta a ƙasan hoton, daidai tsayin gwiwar mai kallo.

An buɗe ranar Laraba. Ban zaci mutanenmu za su zo ba, tunda kowa na rububin zuwa Pazhou, amma Alhaji Abdulbaƙi ya baza labari a masallaci ranar Juma'a. Jiya ɗakin ya cika. Wani Alhaji daga Kumasi ya gane ganyen fita tun daga bakin ƙofa, ya ce kakarsa shi take yankowa. Wani ɗan Maraɗi ya ce wa abokinsa, "Kai da kake aiko yaro ya duba maka kaya kana otal, zo ka ga masu kasuwa." Abokin ya ce, "Ni ma ai gwiwar ce ke damuna." Aka yi ta dariya. Wasu Sinawa biyu masu masana'anta suka sa na faɗi sunan sau uku har suka iya.

Saboda inda takardar take, ba mai iya karanta ta a tsaye. Na koma gefe ina kallo: manyan alhazai masu kwantena goma-goma, kowa ya zo sai ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a gaban Tankari, ya karanta, ya ɗan jima kafin ya miƙe.

Da yamma Malam Liang ya ce ya ga dattawa suna wahala, gobe zai ɗaga takardar sama. Na ce masa ya bar ta inda take.

'Yarka,
Halimatu Sadiya